Ruwan Kwata Ma Yana Dafa Tuwo: Martani Ga Masu Cewa Wannan Ba Aikin Marubuci Ba Ne

Muƙalar wannan mako ba za ta yi wa wasu daɗi ba, domin a kan ƙazanta za mu yi magana: kashin shanu, ruwan awara, kumfar mazarƙwaila da ruwan wanke-wanken masana'anta. Wanda yake cin abinci ya ƙarasa tukuna.

Maganar da muka zo da ita guda ɗaya ce. A ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara, daga Gubuchi zuwa Hunkuyi, kullum ta Allah ana zubar da ruwa da ƙazantar da za su iya ba da wutar girki, a daidai lokacin da iyayenmu mata ke fama da hayaƙi, magidanta ke kuka da kuɗin itace da gawayi. Ilimin mayar da wannan ƙazanta ta zama gas ya haura shekara 100 a duniya, kuma yana nan kwance a jami'o'in da ke maƙwabtaka da mu, sai dai cikin Turanci yake kwance. Wanda zai ɗauko shi ya kai wa mai matse rake da mai tuyar awara cikin harshen da suke ciniki da shi, ba kowa ba ne illa marubucin Hausa. Amma duk lokacin da aka tayar da irin wannan zance a tsakaninmu, sai ka ji wasu sun ce wai ba huruminmu ba ne, marubuci na labari ne da waƙa, kimiyya a bar wa masu ita. To, da masu wannan ra'ayi muke ja yau.

Mene ne abin, kuma yaya yake aiki?

Duk wanda ya taɓa soka sanda cikin taɓon tsohon kududdufi ya ga kumfa na tasowa daga ƙasa. Wannan kumfa iska ce mai kamawa da wuta. Wani masani ɗan ƙasar Italiya, Alessandro Volta, ya tara ta daga bakin wani tafki a shekarar 1776, ya tabbatar tana ci da wuta. Sunanta metan, kuma ita ce dai ke cikin iskar gas da ake haƙowa a Neja Delta. Wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani ne ke samar da ita idan suna cin abin da ya ruɓe a wurin da iskar da muke shaƙa ba ta shiga. Irin waɗannan halittu ne ke zaune cikin tumbin saniya suna taya ta narkar da ciyawa, shi ya sa kashinta ke fitowa ɗauke da su.

Abin da masana suka yi kawai shi ne kwaikwayon tumbin. Ana gina tanki rufaffe ruf, galibi a cikin ƙasa, da bulo da siminti. Yana da mashiga inda ake zuba ƙazantar da aka dama da ruwa, yana da mafita inda abin da ya gama narkewa ke fitowa, sannan a samansa akwai bututu da ke ɗaukar gas zuwa murhu. Gas ɗin da ke fitowa, wanda ake kira bayogas, kashi 50 zuwa 70 cikin 100 nasa metan ne, sauran yawanci iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi ce, sai ɗan abin da ke ba shi warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wutarsa shuɗiya ce, ba ta hayaƙi, ba ta baƙanta tukunya.

A cikin tankin aikin gayya ake yi. Rukunin farko na halittun suna farfasa abincin. Na biye da su suna mayar da shi tsami. Na ƙarshe su ne ke cinye tsamin su saki gas, kuma su ne 'yan lelen gidan: ba sa son iska, ba sa son sanyi, ba sa son tsami ya yi yawa. Sun fi walwala a zafin da ya kai digiri 35 zuwa 37, wato kusan zafin jikin mutum. Idan aka antaya wa tanki ruwa mai zaƙi da yawa a lokaci guda, rukunonin farko sai su yi ta zuba tsami fiye da abin da na ƙarshe za su iya cinyewa, tankin ya yi tsami, gas ya tsaya. Maganinsa uwar gida ta riga kowa sani, domin ita ce ke kashe tsamin yakuwa da kanwa ko ruwan toka. A dakatar da ciyar da tankin, a ƙara masa ɗanyen kashin shanu, a sa ɗan abin da ke kashe tsami, a yi haƙuri ya farfaɗo.

Ga lissafin, don kada a ce tatsuniya muke yi. A ƙasar Indiya, inda suka daɗe da wannan sana'a, ƙiyasin da suke aiki da shi shi ne kilo ɗaya na ɗanyen kashin shanu yana ba da gas kimanin lita 40. Ke nan kilo 25 zai ba da lita 1,000, cikin durom biyar. Wannan adadi yana riƙe murhu mai baki ɗaya awa biyu zuwa uku, kuma zafinsa ya kusa na rabin kilo na gas ɗin silinda. Shanun huɗa biyu da ke kwana a turke suna iya ba da kashin da ya kusa wannan a rana. Gida mai mutum shida zuwa takwas da ke son ya bar itace gaba ɗaya yana buƙatar ninkin haka. Ana dama kashin da ruwa daidai wa daida, kuma yakan yi wata guda ko fiye a cikin tanki kafin ya fito.

Ku riƙe wannan magana ta ruwa daidai wa daida, domin a nan ne ruwan da muke zubarwa ya shigo.

Ruwan kwakwarsu, ruwan rakenmu

A ƙasashen da kwakwa take kamar yadda rake yake a wurinmu, irin su Siri Lanka da Filifin da Indonesiya da jihar Kerala ta Indiya, masana'antun da ke fasa kwakwa suna busar da ita suna fitar da ruwa mai yawa: ruwan cikin kwakwar da kuma na wanke ta. Ruwan nan yana da zaƙi, yana da maiƙo, yana saurin yin tsami. Idan aka sake shi cikin rafi, ruɓarsa na shanye iskar da ke cikin ruwan, kifi ya mutu, wari ya dami gari. Sai masanansu suka koma bi da shi ta rufaffen tanki, inda datti ke raguwa, gas kuma ya fito a mayar da shi tukunyar masana'anta. Sun gano cewa man kwakwar yana danne halittun da ke ba da gas, don haka sai an fara tsame maiƙon, an rage tsamin, kafin a tura ruwan ciki. Matsalarsu ce, suka zauna suka nazarce ta har suka san halinta.

Mu ba mu da kwakwa, daga kudu ake kawo mana ita. Amma muna da abin da ya yi kama da ruwanta, har ma da yawa.

Ɗauki mazarƙwaila. Daga an shiga rani, duk inda ka bi a ƙasar Makarfi, ko Gubuchi ko Gimi ko Gazara, za ka tarar da injin matse rake da manyan tukwane suna tafasa. Tukar raken ana shanya ta a hura wuta da ita, kuma wannan daidai ne, a bar ta a nan, domin ƙarfinta ya yi wa tanki yawa, ba ta narkewa da wuri. Amma kumfar da ake yaɗewa a saman ruwan rake, da ruwan wanke tukwane da inji, da ruwan raken da ya kwana ya yi tsami, duk zaƙi ne zalla. A lissafin takarda, kilo ɗaya na sukari yana iya ba da gas sama da lita 700. Kwatanta da lita 40 na kashin shanu, wanda saniya ta riga ta tsotse amfaninsa. Abin da ake watsarwa bayan bukka ƙudaje su taru a kai, ya fi kashin shanu ƙarfi nesa ba kusa ba, in dai an san yadda za a riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan.

Ɗauki awara. Unguwa nawa ce a Makarfi ko Ikara ba a tuyar awara? Ruwan da ke tsatsafowa bayan an matse ta, wanda ake kwararawa a kwata ya kwana yana wari, a Indonesiya akwai ƙauyukan masu yin awara da suka haɗa bututu suna tara irinsa a tanki guda, gas ɗin ya koma gidajensu. Haka ruwan tsamin gasara na masu koko, da ruwan turaren shinkafa, da ruwan wankin tumbi da jini a mayanka. Haka ruwan wanke tumatir da ruɓaɓɓen tumatirin da ake jibgewa lokacin da kasuwa ta faɗi, ga shi kuwa an kafa masana'antar sarrafa tumatir a Ikara tun farkon shekarun 1980.

Babbar matsalar tankin gas a ƙasa irin tamu ita ce ruwan damawa, musamman da bazara lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa. Ba mai hankalin da zai ɗauki ruwan da ya saya jarka-jarka ya dama kashi da shi. To ga ruwa nan da aka riga aka gama amfani da shi, yana ɗauke da abinci a cikinsa, ana neman inda za a zubar. Kashin shanu ya zama tushe saboda shi ake samu kullum kuma shi ke riƙe tsami, ruwan sana'a ya zama ƙari. Kwata ta bushe, sauro ya rasa wurin ƙyanƙyasa, murhu ya kama.

Kada a ɗauka wannan dabarar ƙauye ce kawai. A shekarun 1970 wani masani a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, Gatze Lettinga, ya ƙirƙiro wani irin tanki da ruwan datti ke shiga ta ƙasa ya ratsa curin halittun ya fita ta sama cikin 'yan awanni, kuma masana'antun sukari na daga cikin waɗanda suka fara amfani da shi. Yau ana aiki da irinsa a masana'antu a faɗin duniya. A Burazil, uwar masu noman rake, duk litar man itanol da suka tace daga rake tana barin ruwan datti lita 10 ko fiye. A shekarar 2020 kamfanin Raízen ya buɗe tasha a garin Guariba da ke mayar da wannan ruwa da dattin matatar rake gas, tana ba da lantarki megawat 21. Rake ne fa, irin wanda muke lodawa a mota a Tashar Yari.

Me ake asara in aka yi shiru?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Mata ne da yaran da ke goye a bayansu suka fi shaƙar sa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, komai ya tashi, kananzir ya zama na masu hali, gas ɗin silinda ya haura naira 1,000 a kilo cikin 2024. Gidajen da suka fara sabawa da silinda sun koma gawayi, gawayi kuwa itace ne. Ku tambayi dattawan garinku ɗorawa nawa da kaɗanya nawa suka sani a gonakin da yanzu babu ko inuwar da za a ci abincin rana. Wannan shi ne abin da ke kan faifai, ba wasa ba.

Yanzu mu zo ga hujjojin 'yan uwanmu

Hujja ta farko, wai ƙazanta ce, wa zai ci tuwon da aka dafa da kashi? Tukunya ba ta haɗuwa da kashi, iska ce ke bin bututu ta kama da wuta. Kuma tun kaka da kakanni ana hura wuta da busasshen kashin shanu a inda itace ya yi wuya, ba wanda ya ce abincin ya haramta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta masu tsarki ne, muddin ba najasa take ci ba, ɗaliban zaure sun san wannan. Ruwan awara da kumfar rake kuwa ai ko tambaya ba su buƙata. Batun haɗa tanki da ban-ɗaki shi ne wanda za a kai wa malamai su yi bayani, kuma ba da shi za a fara ba. Amma ku lura, wannan ƙyama da ke zuciyar mutane ba injiniya ne zai cire ta ba. Aikin mai iya magana ne.

Hujja ta biyu, wai manomi ba zai ba da takinsa ba. Gaskiya ne, a Gubuchi kashin shanu dukiya ce, ana tara shi a kai gona, har saye ake yi. Sai dai tanki ba ya cinye taki. Abin da ke fita a matsayin gas ba shi ne abincin shuka ba. Sinadaran da masara da rake ke buƙata suna nan cikin ruwan da ke fitowa ta mafita, sun ma fi saurin shiga jikin shuka, warin ya ragu, 'ya'yan ciyawa da yawa sun mutu. Manomi ya ci riba biyu da kashi guda. Idan ba a gaya masa haka da Hausa ba, da misalin da zai gane, zai ci gaba da ɗauka ana son a raba shi da takinsa ne, kuma yana da gaskiyar ƙin yarda.

Hujja ta uku, wai wannan na Turawa ne, ba zai yi a nan ba. Turawa su ne ma ke wahala da shi, domin sai sun ɗumama tankunansu saboda sanyi. Mu Allah Ya hore mana zafin kyauta. An daɗe ana ba da labarin irin wannan tanki a wani wurin jinyar kutare a Bombay ta Indiya. Indiya ta ƙaddamar da shirin ƙasa a kansa a farkon shekarun 1980, kuma an gina miliyoyi a ƙauyukanta. Sin ta gina kusan miliyan 40 a gidajen karkara. Ruwanda ta sa shi a manyan gidajen yarinta, ya rage musu itacen girki, har aikin ya samu lambar yabo ta Ashden a 2005. Burkina Faso, wadda ta fi mu ƙarancin ruwa, tana da shirin ƙasa da ya gina dubbai a gidajen manoma da makiyaya. A gida Nijeriya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana gina na gwaji, kuma an taɓa gina irinsu a Zariya, a gidan yari da cibiyar binciken dabbobi ta Shika. Daga Shika zuwa Gubuchi ko rabin yini ba a yi a mota. Ilimin ya kasa yin wannan 'yar tafiya ne saboda ba a sa masa rigar Hausa ba.

Hujja ta huɗu, wai Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Mai wannan magana ya koma ya duba tarihin sana'ar da yake taƙama da ita. A Zariyar nan, Abubakar Imam da Rupert East, mutanen da ke bayan littattafan gasar 1933 da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939, sun zauna sun rubuta Ikon Allah, littafin bayanin halittu da kimiyya da Hausa tsantsa. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai mai karatun Hausa sararin samaniya. Su ba su ce a bar wa masu ita ba. Harshen da ya raɗa wa jirgin sama da na'ura mai ƙwaƙwalwa da wayar tarho suna, shi ne zai gagara raɗa wa tankin kashin shanu? Ga shi mun yi bayanin aikin tun daga mashiga har murhu a sama, ba mu ari jimla ko ɗaya ba. Inda kalma ta yi wuya a are ta a hausantar, inda siffa za ta yi a siffanta. Mu ne ma'aikatan wannan maƙera.

Hujja ta biyar ita ce ta fi ba mu haushi, wai wannan ba adabi ba ne, mai karatu nishaɗi yake nema. Wa ya ce labarin soyayya sai a gidan bene a Abuja ko otal a Dubai? Mun cika shafuka da attajirai matasa masu kamfanoni goma waɗanda ba a taɓa faɗa mana me kamfanonin ke sarrafawa ba. Ga yarinya mai tuyar awara da maƙwabta suka kai ƙararta wurin mai unguwa saboda warin kwatarta. Ga ɗan mai mazarƙwaila da ya dawo daga makaranta da wata dabara, mahaifinsa na ganin zai jawo masa abin kunya a gari. Ga kishiyoyi biyu da murhun gas guda, wa za ta yi girki da shi ranar da ba kwananta ba? Ga magidancin da ya sayar da sa ya gina tanki, magini ya yi masa aikin ha'inci, gas na zurarewa, gari na yi masa dariya. Wace rigima ce babu a nan? Akwai kishi, akwai kuɗi, akwai girman kai, akwai so. Wanda ya ce ba labari a nan, bai leƙa ba ne.

Gargaɗi ga ɓangarenmu

Ba muna kiran a zama 'yan talla ba ne. Akwai masu ɗora bidiyo a Facebook da TikTok suna nuna jarka da tiyo da balan-balan, suna cewa ka rabu da sayen gas har abada. Wannan yaudara ce, kuma marubucin da ya kwafe ta ya fi wanda ya yi shiru ɓarna. Durom guda ba zai dafa wa gida abinci ba, iyakarsa gwaji ko tafasa shayi. Tankin gaske yana cin kuɗin siminti da bulo da ƙwararren magini, domin tsaga kamar gashi ta isa ta zubar da gas ɗin duka. Yana son a ciyar da shi kullum kamar dabbar turke. Da hunturu gas yana raguwa, shi ya sa ake binne shi cikin ƙasa. Mazarƙwaila da tumatir na lokaci ne, don haka ba a dogara da su kaɗai. Ruwan sabulu mai yawa da maganin ƙwari da maganin kashe ƙwayoyin cuta suna kashe halittun. Ruwan majemun zamani irin na Challawa da Sharaɗa a Kano yana ɗauke da sinadarai masu guba, ba a kai shi tankin gida, ba a kai abin da ya fito daga gare shi gona. Wanda shanunsa ke yawon kiwo wuni guda, kashin dare kawai zai samu, ya yi lissafinsa a kan haka.

Akwai kuma haɗarin rai. Gas ɗin yana fashewa in ya taru a rufaffen ɗaki ya haɗu da wuta. Kuma ba a shiga cikin tanki don gyara ko da an kwashe shi, sai an tabbatar iska ta ratsa shi sosai, domin iskar da ke ciki tana kashe mutum kamar yadda tsohuwar rijiya ko masai ke yi. A Sin da Indiya ma tankuna da yawa sun mutu saboda an gina an tafi, ba wanda ya koya wa masu gida kula da su. Wannan ma hujja ce a gare mu: siminti ba ya aiki in babu bayani, bayani kuwa sai da harshe.

To me muke nema?

Muna neman kowane ɗayanmu da ya fito daga ƙasar rake ko tumatir ko shinkafa ya je ya tsaya a wurin sana'ar garinsu da littafi da biro. Ya tambayi mai awara bokiti nawa na ruwa take zubarwa a rana da inda yake zuwa. Ya tambayi mai mazarƙwaila sunan kowane mataki na aikinsa, domin kalmomin da muke cewa babu suna bakinsa. Waɗanda ke kusa da Samaru su shiga cibiyar wayar da kan manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda ke Kwalejin Nuhu Bamalli ko ta Shehu Idris da ke Makarfi su nemi malaman da suka san fannin, su sa su yi bayani har sai sun gane, sannan su rubuta. Mai gajeren labari ya yi nasa, mai wasan kwaikwayon rediyo ya yi nasa, mai waƙa ya yi tasa. Wani ya rubuta ɗan littafi mai shafi 20 da magini zai iya sawa a aljihu, a ba masani ya duba kafin a buga. Kada wanda ya rubuta adadin da bai tabbatar ba.

Masu cewa ba huruminmu ba ne, muna tambayar ku: in ba mu ba, wa? Farfesa zai rubuta da Turanci don a ƙara masa girma, kuma ba laifinsa ba ne, tsarin aikinsa ke nan. Ɗan siyasa zai zo da alkawari lokacin zaɓe. Ita kuwa matar da ke hura wuta da ɗanyen kara idonta na hawaye, rediyo take saurare, littafin Hausa 'yarta ke karanta mata a waya da dare. Muryar da ke isa ɗakinta tamu ce. In muka cika ta da motoci da gwala-gwalan da ba za ta taɓa gani ba, muka hana ta labarin ruwan da ke bin bayan katangarta, to ba mu yi mata adalci ba.

Wanda yake da ja ya kawo hujjarsa cikin mutunci, wanda ya taɓa ganin irin wannan tanki yana aiki ko ya mutu ya faɗa mana inda yake da abin da ya gani, wanda kuma yake da sunan da ya fi bayogas daɗi a bakin Bahaushe ya kawo mu tattauna. Allah Ya sa alƙalumanmu su amfani al'umma, Ya ba mu ikon faɗar gaskiya komai warinta.